Bakwai na Cornell da Waɗanda Suka Gaje Su

A garin Ithaca na jihar New York, inda ƙanƙara ke rufe hanya lokacin hunturu, akwai jami'ar Cornell. A farkon ƙarni na 20 baƙaƙen fata da ke karatu a cikinta ba su taka kara sun karya ba. Ƙungiyoyin 'yan'uwantaka na ɗalibai Turawa suna da gidajensu, inda ake ci, a kwana, babba ya ja ƙarami a karatu, amma ƙofarsu a rufe take ga baƙar fata, sai dai ya shiga a matsayin mai kai abinci teburi. Wasu daga cikin samarin da nake ba da labarinsu da wannan aikin suka riƙa biyan kuɗin makaranta. Kaɗaici da rashin abin hannu sun sa da yawa daga waɗanda suka riga su zuwa sun tafi hutu ba su dawo ba.

A shekarar 1905 suka fara haɗuwa a gidan wani bawan Allah a cikin gari. Ba su soma da rabon muƙami ba, ba su ɗinka anko ba, ba su ɗauki katin gayyata sun bi ƙofar masu kuɗi suna neman babban baƙo mai ƙaddamarwa ba. Littattafai suka baje. Wanda ya gane darasi ya koya wa wanda ya kasa, wanda ya yi kwana biyu ba a gan shi ba a je a dubo shi. Sai da aka shekara ana haka, ranar 4 ga Disamba 1906, sannan suka yanke shawarar zama ƙungiya mai suna Alpha Phi Alpha. Su bakwai ne: Callis, Chapman, Jones, Kelley, Murray, Ogle da Tandy. Callis ya zama likita. Tandy ya zama baƙar fata na farko da jihar New York ta yi wa rajistar zanen gine-gine.

A Disamban 1907 aka buɗe reshe na biyu a jami'ar Howard da ke Washington, daga nan rassa suka yi ta yaɗuwa. Daga baya suka bi majami'u da makarantu suna roƙon iyaye su bar 'ya'yansu su gama sakandare su wuce jami'a. Thurgood Marshall, lauyan da ya ci shari'ar 1954 wadda ta haramta raba makarantun Turawa da na baƙaƙe, ɗan ƙungiyar ne. Haka ma Martin Luther King.

To, suna ya yi daɗi, kowa na son shiga. A nan ne wasu magada suka ga cewa riƙon ƙofa ma mulki ne. Sabon ɗalibi, wanda saboda irinsa aka kafa ƙungiyar, shi ya koma abin gwada ƙarfi: a hana shi barci, a aike shi tsakar dare, a tatse ɗan guzurin da uwarsa ta ƙulla masa, a tsayar da shi a layi ana marinsa wai ana gwada biyayyarsa. Wannan labarin Amurka ne, teku ce tsakaninmu da su, kuma ban kama sunan kowa a nan gida ba. Amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na san akwai yayyen da za su karanta wannan su tuna da wani ƙanen da ya sauka daga mota da akwatinsa, bai san ko ina ofishin rajista yake ba, aka tare shi da rasiɗin kuɗin ƙungiya kafin a tambaye shi ko ya sami wurin kwana.

A shekarar 1989, a kwalejin Morehouse da ke Atlanta, makarantar da King kansa ya gama, wani yaro ɗan shekara 18 mai neman shiga reshen ƙungiyar ya faɗi a wajen irin wannan gwaji bayan an yi ta dukansa. Yana da ciwon zuciya tun yana ƙarami. Bai tashi ba. Zuciyata tana sosuwa duk lokacin da na tuna cewa 'yan'uwa ya je nema.

A 1990 manyan ƙungiyoyin baƙaƙen ɗalibai suka haɗu suka soke wannan tsarin shigar da sababbi gaba ɗaya. Takarda ta hana, amma a wurare da dama abin ya koma ɓoye, kuma an ci gaba da jin labarin raunuka a wasu jami'o'i. In ka tambayi masu yi, ba sa cewa mugunta suke nufi. Cewa suke su ma haka yayyensu suka yi musu, don haka ba su ga dalilin da na bayansu zai shiga a banza ba.