Zuwa ga Sabon Daraktan Aujara, Ɗan Goggona

Ɗan Goggo, bawan gidanmu, ina gaishe ka irin gaisuwar da ubangida ke yi wa bawansa, wato daga kishingiɗe. Saƙonka ya iso. Na kuma ga yadda ka goge "mai cajin waya" a ƙarƙashin sunanka a Facebook ka maye gurbinsa da "Darakta". Allah ya sanya alheri. Jiya-jiyan nan nake aikenka sayo ƙuli-ƙuli kana dawowa da rabi, yau ga ka kana ba manya umarni.

Kashi na farko na fim ɗin naka na kalle shi tas, minti 42, ban tsallake ko daƙiƙa ɗaya ba, saboda zumunci da kuma tsoron bakin Goggo. Datar da na ƙona zan haɗa ta a cikin tsohon bashin da nake binka. Kai ka ce in faɗa maka gaskiya, ba ni na roƙa ba. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Minti bakwai na farko mota ce. Motar nan da ka aro a Dutse, ga ta can tana tahowa daga hanyar Jahun, ga ta ta karya kwana, ga ta ta tsaya. Ka nuna mana tayar gaba, ka nuna mana ta baya, ka nuna ƙofa tana buɗewa, ka nuna takalmi yana sauka. Da dillalin mota ne ya ɗauki nauyin fim ɗin da na ce ya ci riba. Daga nan aka shiga gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya damina, ya masu jiki, ya muka ji da haƙuri. Ni da uwargida da muke kallo har mun fara amsawa. Aka kai minti na ashirin ban san waye ke son wa ba, ban san waye ke bin wa bashi ba, ban san abin da ya kawo mai motar garin ba.

Amma kada ka ce ban yaba komai ba. Akwai gwana guda a fim ɗinka, ita ce akuyar nan da ta shigo a daidai lokacin da jarumarka ke kuka a gindin darbejiya. Ka sake kallon wurin da kyau. Akuyar ta hango wasiƙar soyayyar da aka ajiye a kan tabarma, ta nufe ta kai tsaye. Wani hannu ya leƙo daga gefen hoto ya kore ta. Ta ja da baya, ta yi kamar ta haƙura, ta zagayo ta bayan jarumar, ta fizge takardar ta tauna. A nan ne kaɗai na miƙe zaune. Ka san dalili? Ita kaɗai ce a duk fim ɗin take son wani abu, aka tare ta, ta yi dabara, ta samu. Abin da ake kira labari ke nan, ɗan Goggo, kuma akuya ta riga ka gane shi.

Abin da ya fi ba ni haushi, ba a jahilce ka taso ba. Tabarma ɗaya muka zauna a ɗakin Kaka, Allah ya jiƙanta. Ba ta da kyamara, ba ta da janareta, fitilar aci-balbal ce kawai da bakinta mai haƙori huɗu. Amma kafin mu gama cewa ta zo mu ji ta, ta riga ta sanar da mu Gizo yunwa yake ji, Ƙoƙi ta hana shi tuwo, kuma akwai gonar da aka ce kada kowa ya shiga. Numfashi uku, ta ɗaure mu. Ba ta taɓa tsayawa ba mu labarin takalmin Gizo ba. Idan Dodo zai fito sai ta yi shiru, ta rage murya, ta kalli bakin ƙofa, mu ma mu kalla. Ita ce marubuciya, ita ce 'yar wasa, ita ce mai ba da umarni. Ba zan faɗa wa masu karatu wanda ya jiƙa tabarma a daren tatsuniyar Dodo ba, domin yanzu ya zama Darakta, yana da mutunci.

Na san abin da za ka ce, ka ma riga ka faɗa a saƙon murya: wai da kana da babbar kyamara da jirgin nan mara matuƙi da ake ɗaukar gari daga sama, da Kano ta ji a jikinta. To, bari in tuna maka yadda Kanon ta faro. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, wanda Salisu Galadanci ya ba da umarni, Ibrahim Mandawari yana cikin 'yan wasa. Da kyamarar kaset aka ɗauka, kuma wayar da ke aljihunka yanzu ta fi ta fitar da hoto nesa ba kusa ba. Ko jihar Jigawa ba a ƙirƙiro ba a lokacin, sai a watan Agustan 1991. 'Yan Tumbin Giwa sun yi shekaru suna wasan daɓe kafin su tsaya gaban kyamara. Sannan da yawa daga finafinan da suka kafa kasuwar a shekarun 1990 daga littafi suka fito: In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino sai da mutane suka karanta shi suka haddace sunayen masoyan kafin a mayar da shi fim, haka Ki Yarda Da Ni na Bilkisu Funtuwa. Tun kafin su ma, a 1976, Adamu Halilu ya ɗauko Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi fim da shi. Labarin ne ya fara zama da gindinsa, sannan aka nemo masa kyamara. Ko sunan Kannywood da kake rubutawa a jikin rigarka sai a ƙarshen shekarun 1990 ya bayyana a mujallar Tauraruwa, bayan an riga an sha wuya.

Kai kuwa da na tambaye ka ina rubutaccen labarin, sai ka nuna mini kanka ka ce a nan yake. Ɗan Goggo, kan nan ne ya manta da ranar ɗaurin auren ƙanwarka. Ba wurin ajiya ba ne.

Ka tuna yadda muke biyan naira biyar a gidan kallo muna kallon Sholay har kaset ɗin ya fara ruwa? Fim ɗin 1975 ne, amma har yau ka ce Gabbar Singh a majalisa sai ka ga dattijo ya yi murmushi. Mutum biyu ne suka zauna suka rubuta shi, Salim Khan da Javed Akhtar, Ramesh Sippy ya ba da umarni. Amjad Khan da ya fito a bos ba wani sananne ba ne kafin nan. An ba shi magana mai nauyi, aka ba shi tafiya ta ƙasaita a kan duwatsu, ya san inda zai yi dariya da inda zai yanke ta. Naka bos ɗin fa? Telan bakin kasuwa ne, ka liƙa masa gemun auduga, gefe ɗaya ya ɓalle tun kafin ya gama yi wa jarumi barazana, ya ci gaba da magana yana dafe da haɓa kamar mai ciwon haƙori. Duk ƙarshen jimla kuma sai ya waiwayo ya kalli kyamara, yana neman ka gyaɗa masa kai.

Na bincika na gano yadda ka raba matsayi. Wanda ya ba da kuɗin mai ya zama jarumi. Wadda yayanta ya ara maka janareta ta zama jaruma. Wannan ba zaɓen 'yan wasa ba ne, adashi ne. Ita jarumar ba laifi, tana da murya, amma mantaletan da ka sa ta shafa a ido ya yi yawa, har hawaye ya riga mugun labarin isowa. Tana kuka tun kafin a faɗa mata an fasa auren.

Za ka kawo mini hujja da marigayi Rabilu Musa Ibro, na san ka. Za ka ce ai finafinan camama da yawa ba su da wani dogon labari, kuma an saye su kamar ƙosai. Gaskiya ne, kuma a nan na yarda cewa gwanin ɗan wasa yakan ɗauki raunannen labari a kafaɗa ya tsallakar da shi. Mutumin Ɗanlasan ya bar aikin gidan yari ya zo ya riƙe kasuwa shekara da shekaru, har ya rasu a watan Disambar 2014. Amma ka lura da abin da yake yi. Ya san daƙiƙar da zai zaro ido, ya san lokacin da zai bar abokin wasansa ya gama magana kafin ya jefa tasa, ya san yadda matsoraci ke cika baki ƙafarsa tana neman hanyar gudu. Haka Ƙasimu Yero, haka Usman Baba Pategi a Samanja, wanda soja ne tun asali, shi ya sa tsawar tasa ba ta aro ba ce. Irin waɗannan ba a samun su ta hanyar karɓar kuɗin mai. In kana da Ibro a Aujara, ka yi fim ba takarda, na yafe maka. Telanka ba Ibro ba ne.

Yanzu sai mu zo kan kujerar taka. Ka ɗauka aikin darakta shi ne rataya tawul a wuya, juya hula baya, da ƙwala ihun akshin har a ji a Harbo. Kalmar da ta fi wannan muhimmanci gajeriya ce: a sake. Ita ce ba ka iya furtawa ba, kuma na san dalili. Dattijon da ya fito a uban yarinya kawun budurwarka ne. Ya yi tuntuɓen harshe sau uku, ya kira jaruma da sunanta na gaskiya, wayarsa ta yi ƙara a aljihu ya ciro ya ce yana wurin fim ne zai kira anjima, duk kana tsaye kana cewa madalla Baba. Wanda ke neman aure a gidan ɗan wasansa ba zai iya cewa kot ba. Ga jaruminka ya shiga zaure da zanna-bukar ya fito tsakar gida da damanga. Ya yi sallama inuwa tana yamma, aka amsa masa tana gabas.

Ka zauna ka kalli Labarina na Aminu Saira, ba don ka ga motoci ba, ka duba inda yake yanke kowane kashi, yadda yake barin mutum da tambaya a baki har mako ya zagayo. Ka duba Kwana Casa'in da Salisu T. Balarabe ya ba da umarni, yadda aka ƙirƙiri gari sukutum da siyasarsa har mutane suna musu a kansa a teburin mai shayi kamar zaɓen gaske. Ko Daɗin Kowa da Arewa24 ta fara nunawa a 2015: babu gidan bene, babu dogayen motoci, lungu ne da zaure da tukunya, amma Kamaye da Adama sun zama kamar maƙwabtan kowa. Shi Ɗan'azumi Baba da ke fitowa a Kamaye marubuci ne tun kafin nan, ka ga inda gizo ke saƙar. Mai Martaba da aka ɗauka a Daura, wanda Nijeriya ta aika gasar Oscar a 2024, rigimar gadon sarauta ce irin wadda Kaka za ta iya ba mu a dare biyu.

Waƙar da ka je ka ɗauka a kan duwatsun Dutse kuwa, minti tara, kaya kala shida, ban ga abin da ya kai su can ba alhali a labarin ko kuɗin acaɓa jarumin ba shi da shi. Tun da Sangaya ya yi kasuwa a 1999 ake wannan kuskure. Mutane sun so waƙar ne saboda sun riga sun tausaya wa Zubaina, baiwar Allah mai aiki a gidan sarauta da zuciyar ɗan sarki ta faɗa kanta. Masu kwaikwayo suka ɗebi rawar suka bar tausayin a ƙasa. Kai ma layinsu ka bi, sai dai ka makara da shekara ashirin da 'yan kai.

Abin takaici, labari yana kwance a ƙofar gidanku kana tsallake shi kullum ka tafi aron mota. Shekara nawa Goggo da kishiyarta suna shari'ar kan iyakar gonar nan saboda kuka ɗaya da ta fito a tsakiya, kowacce na cewa miyar tata ce? An kai gaban mai unguwa, an kai gaban dagaci, an yi rantsuwa, an yi gaba, aka zo ambaliyar 2022 da ta ci gidaje da gonaki a faɗin Jigawa, ɗakin ɗaya ya faɗi, dole suka kwana ɗaki guda wata biyu ba mai yi wa wata magana sai ta bakin jika. Wannan ba ya buƙatar jirgi mara matuƙi. Tsofaffi biyu yake so da suka iya harara, da yaro mai wayo, da darakta mai iya cewa a sake. Sai dai ka canza sunaye, in ba haka ba Goggo ta sa muciya ta raba ka da sana'ar.

Ina nan tafe ranar Juma'a, zan taho maka da littafin rubutu mai shafi 80 da biro biyu, a cire kuɗinsu a lissafin shara idan watan Cika-ciki ya kama. Za ka zauna a ƙasa, ni a kujera, kamar yadda aka gada, ka rubuta mini shafi goma kafin ka sake taɓa wayar nan. Matsayin dagaci nawa ne, kada ka sayar wa kowa, kuma ba zan ba da ko sisin mai ba. Akuyar nan kuma ka binciko mai ita tun kafin Babbar Sallah ta matso, a yi ciniki, domin da ita za mu buɗe kashi na biyu.