Bayani Kan Jinsunan Masu Neman Gadon Ɗa a Unix

Tun shekarar 1979, lokacin da Unix ta bakwai ta fito daga ɗakunan binciken Bell na Amurka ɗauke da shel ɗin Stephen Bourne, aka kafa ƙa'idar da har yau ba ta da makawa: duk takardar umarnin da ka tayar, sabon shel ake haifa mata, ya gaji kwafin sunayen muhallin ubansa, irin su PATH da HOME, ya juya su yadda ya so, sa'an nan ya mutu da abinsa. A fikihu uba ba ya rasa sudusi cikin dukiyar ɗansa. A nan kuwa ba ya samun kome face lamba guda tsakanin 0 da 255, wadda take shaida ko ɗan ya cika da kyau. Waɗanda wannan mas'ala ta ɗaure wa kai sun kasu jinsi-jinsi.

Na farkonsu Mai Naci. Shi wannan, in ya sa suna cikin takarda, ya tayar da ita, ya duba ya tarar babu, sai ya ƙara export, alhali export ba ya isar da kome sai ga 'ya'ya da jikoki. In ta ƙi, ya ƙara sudo, yana zaton iko zai rushe hukunci, bai sani ba wani ɗan ya sake haifa, wanda ma aka tsiyaye masa yawancin gadon tun a bakin ƙofa.

Na biyu Mai Ladabi, wanda tarbiyyar makaranta ta hana shi cunkusa kalmomi, don haka yakan rubuta SUNA = Audu da fili hagu da dama. Shel kuwa, da yake ba shi da kara, sai ya ɗauki SUNA umarni ne, ya neme shi ya rasa, ya faɗa masa haka ƙarara.

Na uku Sabon Tuba, wanda ya ji labarin source, watau a sa shel ɗin da kake ciki ya karanta takardar da kansa ba tare da haihuwa ba, ya riƙe shi tamkar laƙani, har ran da ya karanta takardar da ta ƙare da exit, tagarsa ta rufe da shi da aikinsa baki ɗaya. Bayan ya farfaɗo ya kai laƙanin ga sh na Ubuntu, wanda tun 2006 dash ne, aka ce ba a san source ba, ɗigo kaɗai aka sani a madadinsa.

Na huɗu ƙanensa ne, Mai Shara, wanda ya so ƙara wuri guda cikin PATH, ya manta da maido tsohon jerin, ya wayi gari kwamfutarsa ta yi inkarin sanin ls, ta yi inkarin sanin nano ɗin da zai gyara ɓarnar da shi.

Na biyar Mai Ihtiyaɗi, wanda saboda bai bambance shel ɗin shiga da na zaman yau da kullum ba, yake zuba layi ɗaya cikin .bashrc da .bash_profile da .profile, la'alla ɗaya ya dace, har PATH ɗinsa ya ambaci wuri guda sau uku. Da Apple ta koma shel ɗin zsh a 2019 ya sayi sabuwar Mac, ya kwashe fayilolin nan duka ya kai, ba wanda aka buɗe. Cron ma, da ya ba shi aikin dare, bai taɓa leƙa su ba.

Na shida Malamin Hila, wanda ya lura cewa ssh-agent yakan buga umarnin sa SSH_AUTH_SOCK a allo, uba ya zartar da shi ta hanyar eval, kamar wasiyya. Hilar halal ce, amma malamin ya zarce da zartar da duk abin da ya tsinto a intanet bai karanta ba, Allah Ya kyauta.

Na bakwai, wanda ya fi su illa, Shehun da ya san wannan duka tun 1989 da Brian Fox ya fitar da Bash. In ɗalibi ya durƙusa ya ce, "Allah gafarta Malam, don me sunan ya ɓace?" sai ya gyara zama, ya ce a tafi a karanta man bash daga farko har ƙarshe, alhali amsar ba ta wuce ɗigo guda da fili a gaban sunan takardar ba.