Shi Yana Faris, Ni Ina Blitta

Ranar da muka raka ƙanina filin jirgin sama na Gnassingbé Eyadéma a Lome, shi ya nufi Faris, ni kuma na kama motar Dapaong. Tsakanin Lome da filin Charles de Gaulle kusan kilomita 4,800 ne, jirgi kuma yakan cinye su cikin awa shida da 'yan kai. Nawa rabon kilomita 600 da ɗoriya ne kacal, har ina tausaya masa doguwar tafiya.

A Blitta tayarmu ta yi bindiga. Safayar ma, in ji yaron mota, tana hannun mai faci tun Sallar bara. Muka baje a gindin mangwaro, wata baiwar Allah ta sayar mana da soyayyar doya da yaji a ƙunshin takarda. Ban ga laifin motar ba: layin dogon da ya taso daga Lome ma nan ya gaji ya tsaya tun shekarun 1930.

Ina lasar yatsa waya ta yi ƙara.

"Yaya, na sauka lafiya, sai dai sanyi. Kun isa gida?"

Na dubi direbanmu yana sharar barci a kan benci, ko Sokode ba mu shinshina ba. Na ce, "Mun kusa."