Guzan Titiwangsa da Kwaɗon Kwata

Mu dai Hausawan Gombak ba ma ganin guza mu wuce. 'Yan ƙasa sai su gifta ta gefensa a bakin tafkin Titiwangsa, ko kallo bai ishe su ba. Mu kuwa sai an ja burki, an ja da baya, an zaro waya, kafin la'asar hotonsa ya isa Fagge da Tudun Wada, wai an ga kada a Kuala Lumpur.

Ba a ga laifinmu ba. Babba a cikinsu yakan haura mita 2, kuma in ka cire na tsibirin Komodo da wuya a samu wanda ya fi shi jiki. Yana tafe yana rangaji, harshen nan mai reshe biyu yana leƙowa yana komawa, yana laluben mushen kifi da ɓeraye. Ka matso shi ya tsunduma ruwa, ya manne ƙafafu a jiki, wutsiya kaɗai ke aiki. Bai taɓa tanka wa kowa ba.

Daga nan sai musu, a teburin shayin Indiyawa. Wani ya ce, "Wallahi a garinmu da tuni mafarauta sun yi farfesu, fatar ta tafi wajen dukawa." Wani ya jawo labarin Khalid bin Walid da ya ci damon sahara a gaban Manzon Allah (SAW) ba a hana shi ba. Sai wani mai digiri na uku ya gyara zama: "Malam, nan ƙasar Shafi'iyya ce, malamansu ba su halatta wannan ba. Kuma akwai dokar namun daji ta 2010, taɓa shi ba lasisi ka ga aiki."

Amma mai cutar da mu ba guza ba ne. Wani ɗan kwaɗo ne ƙunduburi, ruwan ƙasa da ratsi mai haske a gefuna, ko tafin hannu bai cika ba. Tururuwa yake ci, in ka taɓa shi ya kumbura ya yi yauƙi. Da an tafka ruwan Nuwamba kwaɗin suka cika kwata, sai ka rantse garken shanu aka ɗaure bayan tagarka. Shi ba mai ɗaukar hotonsa, sai tsaki da toshe kunne, ga jarrabawa da safe.

Akwai ma wanda ya fi shi ƙanƙanta a Sarawak, a gandun dajin Kubah. A 2010 masana suka bayyana shi, namijin bai kai milimita 13 ba, 'ya'yansa a ruwan cikin wani tsiro mai siffar tulu suke girma. Da aka kawo zancensa a majalisa, wani Bakatsine ko ɗago kai bai yi daga shayinsa ba, ya ce, "To shi wannan guda nawa ake zubawa a miya?"