Tsegumi: Rigimar Abin Toshe Kunne a Unguwar Hajji

Ku matso kusa, maganar ba ta ɗaga murya ba ce. Tsuntsuwarmu da ke shawagi tsakanin Karaye da Rogo ta tsegunta mana cewa majalisun samarin Unguwar Hajji sun ajiye musun ƙwallo da na siyasa gefe guda. Hedifon ake yi yanzu, irin manyan nan masu rufe kunne ruf, waɗanda kuɗinsu ke sa mai gona ya riƙe baki.

Wai asalin abin, wani ɗan gari ne da ke neman kuɗi a Kano ya sha alwashin zai shigo da Sony WH-1000XM6, wanda kamfanin ya fitar a watan Mayun 2025 a kan dala 449. Masu lissafi a teburin mai shayi sun buga sun buga, suka ce ko da mafi ƙarancin albashin Jihar Kano na naira 71,000 ne, sai mutum ya tara na wata bakwai bai ci bai sha ba, kuma bai kai ba. Har yanzu dai ana jiran kaya, amma gari ya riga ya rabu uku.

Rukunin farko 'yan Sony ne. Hujjarsu, na'urar na ɗauke da ƙananan makirufo 12 da ke sauraron hayaniyar waje, sai ta ƙirƙiri sautin da ke kishiyantar hayaniyar, su kashe juna kafin su isa dodon kunne. A cewarsu, ko kusa da injin niƙa ka zauna, ƙugin zai koma kamar daga wani ƙauye yake tasowa. Ga caji na awa 30, wanda a wurin da sai an kai waya shagon mai caji ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu 'yan Apple. Su AirPods Max suka sani, wanda ya fito a Disambar 2020 a kan dala 549. To a nan tsegumin yake. An ce akwai wani ɗan ƙwalisa da ke rataya nasa a wuya ko da rana ta take, yana cewa orijinal ne daga Dubai. Sai wani mai gyaran waya da ya yi zaman koyo a kasuwar Farm Centre ya ce masa: “Yallaɓai, ara mini in gani.” Yana ɗagawa ya yi murmushi ya miƙa masa. Da aka matsa masa daga baya, sai ya ce na gaske nauyinsa gram 385 ne, kofunansa na alminiyom. Wannan kuwa roba ce aka fesa wa fenti. Tun ranar, wai abin ya koma cikin jaka.

Na uku su ne masu rinjaye, 'yan Oraimo, ɗan gidansu Tecno da Infinix da itel. Su ba ruwansu da kuri. Suka ce nasu in ya faɗi a bayan babur a hanyar Rogo, mutum zai yi tsaki ne kawai, ba zai kwanta asibiti ba.

Amma wanda ya kashe bakin kowa wani dattijo ne mai gyaran rediyo, wanda ya ga zamanin kaset da Walkman ɗin da Sony ya fara sayarwa a 1979. An ce ya bari sai da suka gama cika baki, sannan ya tambaye su: “Yara, me za ku saurara da shi?” Aka ce waƙoƙin Kannywood, da Shata, da karatun Alƙur'ani. Ya ce daga ina kuka samo? Aka ce wajen masu turi, ko ta Xender da WhatsApp. Ya ce to an gama. Waƙar da aka matse ta zama ƙaramin MP3, aka tura daga waya zuwa waya, ta riga ta zubar da abin da kuke nema, kuma Bluetooth ma sai ya ƙara matse ta. Hedifon mai tsada ba ya dawo da abin da ya ɓace, sai dai ya tona asirin faifan. Kamar a zuba ruwan rafi ne a kofin zinariya. Ya ƙara da cewa masu ɗaukar sauti a situdiyo da dama har gobe suna aiki da mai waya irin Sony MDR-7506, wanda ke kasuwa tun 1991, kuma kuɗinsa bai kai rabin na waɗancan ba.

Iyaye ma sun sa baki, kuma kokensu ya fi na kowa nauyi. Yaro ya toshe kunne, a yi masa sallama bai amsa ba, ladan ya kira salla bai ji ba, mota ta yi masa oda yana ta kaɗa kai. Wata uwa an jiyo ta tana cewa: “Ni hayaniyar da aka sayi abin don a kashe, ashe muryata ce.” Ma'aikatan lafiya kuma suna tuna cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda ƙure sauti.

Mu dai abin da muka lura, yawancin masu musun ba su taɓa sa ko ɗaya a kunne ba. A TikTok suka gani. Idon jama'a ake saya wa, kunne ɗan rakiya ne. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sabon raɗa kuma shi ne, wai shi mai alwashin an hango shi a Titin Beirut yana tambayar farashin na hannu, kuma sai da ya roƙi mai shago ya haɗa masa da kwali. In kaya sun iso, mai gyaran waya ya ce shi zai fara ɗagawa. Za ku ji yadda ta kaya.