Wa Ya Je Jana'izar Difrotodon?

Mutanen Magami, na san halinku. Da zarar an ce wata dabba ta ƙare fiye da shekara 40,000 da suka wuce, sai ku gyara zaman hula ku ce, "Malam, kai ka yi mata wanka?" To ku matso.

Sunanta Difrotodon, 'yar Ostareliya, dangin kangaru masu goyo a jakar ciki. Girman karkanda gare ta, kilo wajen 2,700. Richard Owen na Ingila ne ya raɗa mata suna a 1838, bai kuwa taɓa ganin ko wutsiyarta ba, ƙashi kawai aka kai masa.

To, yaya aka san lokacin da ta ƙare? Duk mai rai yana ɗauke da wani sinadari, kabon-14, wanda bayan mutuwa yake raguwa da rabi kowace shekara 5,730. Da shi aka auna kwalekwalen Dufuna, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi yana haƙa rijiya a Yobe a 1987, aka samu shekara kusan 8,000. Wannan ba ku yi musu ba, don na gida ne.

Sai dai awon yana gajiya wajen shekara 50,000, Difrotodon kuwa ta je ta mutu dab da nan, kamar da gangan. Dole masana suka koma tambayar yashin da ya binne ƙashin: yaushe rabonsa da ganin rana? Wani bincike na 2001 ya ba da kusan shekara 46,000, bayan mutane sun isa ƙasar. Nan rigima ta kaure kan abin da ya ƙarar da ita, har yau ba a rabu ba: wasu su ce farauta, wasu fari.

Baba mai gyaran murya a can baya, na ji ka, kuma gardamarka ta fi ta kowa ƙarfi. Ƙashin ƙarshe da aka tono ba lalle shi ne na dabbar ƙarshe ba. Ku tara tsofaffin maharba daga nan har Kwatarkwashi, ku tambaye su shekarar da zaki ya daina ruri a dajinmu. Kowa da tasa, zakin kuma bai yi sallama da kowa ba. Shi ya sa masana suke cewa "kusan", ku kuma kuna ɗauka kame-kame ne.

In takardar mutuwa kuke so, akwai ta ɗan uwanta, kerkecin Tasmaniya: 7 ga Satumba, 1936, gidan namun daji na Hobart. Shi ma har gobe ana samun masu rantsuwa sun hango shi da dare. Ina zaton can ma akwai Zamfarawa.