Injiniyan da Ba Ya Iya Cewa Bai Iya Ba

Akwai kalmomi uku da harshena ke yi wa ƙiwa: ban iya ba. A Legas nakan faɗe su ba tare da na ji komai ba. Amma da zarar mota ta baro Sakkwato ta miƙi hanyar Wurno, sai su maƙale mini a maƙoshi kamar ƙayar kifi.

Tun ranar da na gama karatun lantarki sunana na yanka ya ɓace a gidanmu, na koma Injiniya. A wurin mutanenmu kuwa, injiniya shi ne wanda duk wani abu mai waya ko mai ƙara ke shakkarsa, daga rediyo har injin markaɗe.

Alhali aikina bai shafi ko ɗaya ba. A cibiyar ajiyar bayanai nake, wani makeken zaure mai sanyi kamar asubahin hunturu, inda kwamfutoci ke jere cikin kabad-kabad suna gurnani dare da rana. Abin da ke haɗa su zaren gilashi ne mai kaurin silin gashi, maikiron 125, tsakiyarsa da haske ke bi kuwa maikiron 9 kacal. Hasken ma ido ba ya ganinsa, ga shi yana cin kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa guda. Babban abokin gabana ƙura. Ƙwaya ɗaya ta hau bakin zare, saƙo ya fara tangarɗa. Ni da na tashi ina shaƙar ƙurar kasuwar Achida ba ko atishawa, yau ga ni da madubin ƙara girma ina farautar wadda ba a gani.

Na taɓa gwada yi wa Kawu bayani a Goronyo, muna hangen madatsar nan ta gulbin Rima da aka kammala a 1984. Na ce ya ɗauki wayoyin da suka ratso ƙarƙashin teku suka fito Legas, irin su MainOne ta 2010 da Equiano ta 2022, a matsayin gulbi. Ɗakinmu shi ne madatsa, zaruruwan su ne hanyoyin ruwa, wayar hannunsa kuma fangalin albasa. Ya yi shiru, ya gyara hula, ya ce, "Ashe dai ban ruwa kaka yi, ɗana, sai dai babu albasa." Har yau ban sami wanda ya fi shi fahimtar aikina ba.

Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni, tura kuɗi ya gagari mutane da yawa. Kafin la'asar kira ya iso daga gida: "Injiniya, a taimaka a gyara muna." Mai hankali zai ce wannan aikin jirgin ruwa ne na musamman, kuma sai an yi makonni. Ni kuwa na gyara murya na ce, "Muna kai, Baffa." Ni da ko gulbin Rima ba na shiga ya wuce mini gwiwa. Da abin ya daidaita, addu'o'in da na sha sun isa guzurin aikin Hajji, ban kuma mayar da ko ɗaya ba.

Asirina a fadamar Wurno ya kusa tonuwa. Injin ban ruwan Baffa ya ƙi tashi, shinkafa na jin ƙishi, aka ce ai ga Injiniya ya zo. Na naɗe hannun riga na tsuguna. Na ja igiya har kafaɗata ta yi tsami. Na leƙa tanki, na ƙwanƙwasa nan, na gyaɗa kai can, har da ɗan tsaki irin na wanda ya gano wata babbar matsala. Sa'a guda cur. Sai wani yaro da bai fi shekara goma sha huɗu ba ya ce, "Yaya, ko in kama maka?" Ya kwance fulogi, ya kankare baƙin da ya taru a bakinsa, ya hura, ya mayar. Ja ɗaya, ruwa ya yi tsalle. Datti ne a bakin abu, wato ainihin cutar da ake biyana albashi a kanta.

Na miƙe ina karkaɗe gwiwa na ce, "Madalla, dama can nan na nufa." Yaron ya dube ni, ya sunkuyar da kai, Allah ya yi masa albarka. Baffa ya sa aka ɗora mini buhun albasa a mota, na karɓa hannu bibbiyu.

Yanzu Gwaggo ta aiko daga Rabah cewa firjinta mai aiki da hasken rana ya daina sanyi, kuma ta hana kowa taɓawa sai na zo Sallah. Na ce mata ƙaramin abu ne. Lambar yaron nan dai tana cikin wayata, na rubuta masa suna Oga.